Daga tallafi zuwa albashi: yadda ake taimaka wa kamfanoni su ɗauki masu karɓar tallafin gwamnati aiki

A ƙasashe masu arziki da dama, gwamnati na bai wa iyalai marasa ƙarfi kuɗi kowane wata domin abinci da haya. Tun shekarun 1990, yawancin waɗannan ƙasashe sun ɗora wa tallafin sharaɗi: mai ƙarfin aiki ya nemi aiki. Sai dai guraben aiki mafi yawa na hannun ƴan kasuwa ne, kuma ba a tilasta wa mai otal ko mai shago ya ɗauki wanda bai so. Matar da ta shekara biyar ba ta aiki, ba ta gama makaranta ba, ga ƙananan yara, ga rashin abin hawa, ita ce ta ƙarshe da mai kamfani zai kira idan an bar shi da kansa. Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin jawo hankalin kamfanoni masu zaman kansu. Amurka ce ta fi gwada waɗannan hanyoyi, kuma a can aka fi auna abin da suka haifar.

Dokar 1996

Tallafin iyalai a Amurka ya samo asali ne daga dokar jin daɗin jama'a ta 1935, zamanin shugaba Franklin Roosevelt. Shirin, wanda daga baya aka sani da AFDC, yana bai wa iyalai matalauta masu yara kuɗi muddin sun cika sharuɗɗa, ba tare da ƙayyade shekaru ba. Mafi yawan masu karɓa iyaye mata ne da ke riƙon yara su kaɗai. A 1994 adadin ya kai ƙololuwa: iyalai kusan miliyan 5, mutane sama da miliyan 14.

Ranar 22 ga Agusta 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta soke AFDC ta kawo TANF, wato tallafin wucin gadi ga iyalai mabuƙata. Dokar ta canza abubuwa uku. Na farko, ba a biyan iyali da kuɗin gwamnatin tarayya fiye da wata 60 a tsawon rayuwa, kuma jiha na iya rage wa'adin. Na biyu, an wajabta wa jihohi su sa wani kaso na masu karɓa cikin aiki ko shirin neman aiki, awa 30 a mako ga uwa mai riƙon yara ita kaɗai, awa 20 idan tana da yaro ɗan ƙasa da shekara 6. Na uku, gwamnatin tarayya ta koma bai wa jihohi dunƙulallen kuɗi, kimanin dalar Amurka miliyar 16.5 a shekara, su tsara yadda za su kashe. Wannan adadi bai ƙaru ba tun lokacin, duk da tsadar rayuwa.

Da wa'adi ya fara ƙirguwa a kan miliyoyin mata, tambayar ta koma ga kasuwa: wa zai ɗauke su?

Rangwamen haraji

Hanya mafi shahara ita ce a rage wa kamfani harajin da zai biya idan ya ɗauki mutum daga rukunin da doka ta lissafa. A 1996 aka kafa wannan rangwame da sunan WOTC. Bayan gyaran da aka yi masa a 1997, lissafinsa ya tsaya kamar haka: idan ma'aikaci ya yi awa 400 ko fiye, ana cire wa kamfani kashi 40 cikin 100 na dalar Amurka 6,000 ta farko da ya biya shi albashi, idan ya yi tsakanin awa 120 da 399, kashi 25 ne, ƙasa da awa 120 babu komai. Mafi yawan abin da kamfani zai samu a kan mutum ɗaya shi ne dalar Amurka 2,400, abin da ya haura miliyan 1 na sefa.

Misali, ma'aikaciyar da ake biya dalar Amurka 10 a awa, idan ta bar aiki bayan awa 200, ta karɓi 2,000, kamfani ya samu rangwamen 500. Idan ta kai awa 400, rangwamen ya zama 1,600. Sai ta cika awa 600 ne zai kai 2,400. An tsara matakan ne domin kamfani ya ga riba a riƙe ma'aikaci.

A 1997 aka ƙara wani rangwamen na musamman domin waɗanda suka daɗe a kan tallafi, wata 18 ko fiye: kashi 35 na dalar Amurka 10,000 ta farko a shekarar farko, da kashi 50 a shekara ta biyu, jimilla 8,500. Dokar 2006 ta haɗe shi da WOTC ta ɗaga kason shekarar farko zuwa 40, jimillar ta koma 9,000. Da tafiya ta yi tafiya aka ƙara wasu rukunoni ko aka faɗaɗa su: tsofaffin sojoji, waɗanda suka fito daga gidan kaso, naƙasassu, masu karɓar tallafin abinci, da waɗanda suka yi mako 27 ko fiye ba aiki. Majalisar dokoki ce ke sabunta rangwamen lokaci zuwa lokaci. Sabuntawar ƙarshen 2020 ta kai shi zuwa 31 ga Disamba 2025.

Akwai ƙa'idoji. Dole a cika takarda mai lamba 8850 kafin ko a ranar da aka yi wa mutum tayin aiki, a kai ta ofishin kwadago na jiha cikin kwana 28 da fara aikinsa, ofishin ya tabbatar cewa yana cikin rukunin. Ba a karɓar rangwame a kan ɗan'uwan mai kamfani na jini, ko a kan wanda ya taɓa yi wa kamfanin aiki. Kuma tunda daga haraji ake cirewa, ƙaramin shagon da bai ci ribar da za a caje shi haraji ba, ba ya ganin amfaninsa nan take.

Abin da aka gano game da rangwamen

Matsalar farko ita ce biyan kamfani kan abin da dama zai yi. Kafin WOTC akwai wani rangwame makamancinsa da aka fara a 1978. A 1994 babban mai bincike na ma'aikatar kwadago ya bi diddigin waɗanda aka ɗauka a ƙarƙashinsa, ya ƙiyasta cewa kashi 92 cikin 100 da an ɗauke su ko babu rangwamen. Kamfanoni kan ɗauki mutum tukuna, sannan su duba ko ya faɗa cikin wani rukuni. Rangwamen ya ƙare a ƙarshen wannan shekara, kuma wannan ne dalilin da WOTC ya wajabta cika takarda tun kafin a gama ɗaukar mutum. Duk da haka, binciken ofishin da ke duba kashe kuɗin gwamnati a 2001, a jihohin California da Texas, ya nuna ƴan tsirarun manyan kamfanoni ne ke kwashe mafi yawan rangwamen, irin manyan shaguna da ke ɗaukar dubban ma'aikata masu ƙaramin albashi kowace shekara. Su ne ke da ofishin da zai bi takardu.

Matsala ta biyu ta fi ban mamaki. A farkon shekarun 1980 an yi wani gwaji a birnin Dayton na jihar Ohio. An raba masu karɓar tallafi da ke neman aiki gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya an ba su takardar da ke shaida wa mai kamfani cewa zai samu rangwamen haraji idan ya ɗauke su, kashi na biyu takardar da ke alkawarin tsabar kuɗi, na uku ba a ba su komai ba. Masanin tattalin arziki Gary Burtless ya wallafa sakamakon a 1985: cikin masu takarda, kusan kashi 13 cikin 100 ne suka samu aiki, cikin marasa takarda kuwa sama da kashi 20. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne takardar ta zame musu tambari. Mai kamfani na ganinta sai ya ce a ransa, wanda sai an biya kafin a ɗauke shi, akwai abin da ke damunsa.

Daga baya, binciken Sarah Hamersma a jihar Wisconsin ya gano cewa WOTC na ɗan ƙara samun aiki a watannin farko, amma bambancin na gushewa bayan wani lokaci.

Ƙawancen kamfanoni

Hanya ta biyu ita ce a sa ƴan kasuwa su ja hankalin junansu. A watan Mayun 1997 aka ƙaddamar da wani ƙawance a fadar White House, ƙarƙashin jagorancin Eli Segal, da kamfanoni biyar a gaba: United Airlines, UPS, Burger King, Monsanto da Sprint. Sharaɗin shiga shi ne kamfani ya yi alkawarin ɗaukar aƙalla mutum ɗaya daga masu karɓar tallafi ba tare da ya kori wani ba. Ƙawancen ya riƙa buga littattafan jagora, yana shirya tarurruka a manyan birane, yana haɗa kamfanoni da ƙungiyoyin da ke horar da mutane. Zuwa shekara ta 2000 ya ce mambobinsa sun kai 20,000, sun kuma ɗauki mutane sama da miliyan 1. Alƙaluman daga kamfanonin kansu suka fito.

Wasu kamfanoni sun kafa nasu shirin. Rukunin otal na Marriott ya fara tun farkon shekarun 1990 da horo na mako shida, wani ɓangare a aji, mafi yawa a wurin aiki, ga masu gyaran ɗaki, masu wanki da ma'aikatan kicin, da alkawarin aiki ga wanda ya kammala. Abin da ake koyarwa bai tsaya ga gyaran gado ba. Ya haɗa da zuwa kan lokaci, yadda ake magana da shugaba a wurin aiki, buɗe asusun banki, da tanadin wanda zai riƙe yaro ranar da mai reno ta ƙi zuwa.

Masu shiga tsakani

Hanya ta uku ita ce a ɗauke wa mai kamfani kasadar gwaji. Kamfanin America Works, wanda Peter Cove ya kafa a 1984, ya yi suna a nan. Yana tantance mutum, ya ba shi gajeren horo, ya tura shi wani kamfani na tsawon kusan wata huɗu yana cikin jerin ma'aikatan America Works ɗin. A wannan lokaci wani jami'i na leƙawa wurin aikin, yana sasanta saɓani, yana taimakawa idan matsalar haya ko ta asibiti ta taso. Idan mai kamfani ya gamsu sai ya ɗauki mutumin dindindin. Gwamnati kuma ba ta biyan America Works cikakken kuɗinsa sai mutumin ya yi watanni a bakin aiki. Masu suka na cewa irin wannan biya na sa mai shiga tsakani ya zaɓi waɗanda suka fi sauƙin samun aiki, ya bar masu nauyin matsala.

Akwai wasu ƙananan dabaru na rage tsoro. Tun 1966 gwamnatin tarayya ke bai wa kamfani inshora kyauta, ta dalar Amurka 5,000 na wata shida na farko, idan ya ɗauki wanda ake shakkar amanarsa, kamar tsohon fursuna. Akwai kuma tsarin koyon aiki a bakin aiki, inda ake mayar wa kamfani rabin albashin da ya biya a lokacin koyo. Dokar kasafin kuɗi ta 1997 ta ware dalar Amurka miliyar 3 na shekara biyu domin irin waɗannan ayyuka ga waɗanda suka fi wahalar samun aiki.

Reno da abin hawa

A 1998 da 1999 masanin kwadago Harry Holzer ya jagoranci tambayar masu kamfanoni a Chicago, Cleveland, Milwaukee da Los Angeles game da matan da suka ɗauka daga tallafi. Mafi yawa sun ce aikin matan ya yi daidai da na sauran ma'aikata ko ya fi. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne fashin zuwa aiki, kuma dalilan da suka fi fitowa su ne rashin mai riƙon yara da rashin abin hawa.

Wannan ya yi daidai da yadda biranen Amurka suke. Talakawa na zaune a tsakiyar birni, sababbin shaguna da ɗakunan ajiye kaya kuwa na bayan gari, inda motocin bas ba sa kaiwa, ko ba sa tafiya da dare lokacin da ake canjin ma'aikata. Dokar sufuri ta 1998 ta kafa asusu na musamman domin layukan bas da ke kai ma'aikata daga cikin birni zuwa wajensa. Dokar 1996 ita ma ta haɗe kuɗin tallafin renon yara wuri ɗaya ta ƙara shi. Ga mai kamfani, motar da ke kawo ma'aikaciya ƙarfe biyar na asuba ta fi rangwamen da zai gani bayan shekara amfani.

Biyan albashi kai tsaye

Lokacin durƙushewar tattalin arziki na 2008 da 2009, rangwamen haraji bai isa ba, domin kamfanoni korar ma'aikata suke yi. Dokar farfaɗo da tattalin arziki ta 2009 ta kafa asusun gaggawa na TANF da dalar Amurka miliyar 5. Jihohi 39 da birnin Washington sun kashe kusan miliyar 1.3 daga ciki wajen biyan albashin mutane kimanin 260,000, manya da matasa, da yawa a kamfanoni masu zaman kansu. A jihar Mississippi gwamnati na biyan dukkan albashi a farko, tana ragewa sannu a hankali cikin wata shida, domin kamfani ya saba da ɗaukar nauyin. Ƙananan ƴan kasuwa sun shiga wannan shiri fiye da yadda suka shiga rangwamen haraji, saboda kuɗin na zuwa nan take. Asusun ya rufe ranar 30 ga Satumba 2010.

Sakamako

Daga 1994 zuwa 2000 adadin masu karɓar tallafi a Amurka ya ragu da fiye da rabi. Cikin iyaye matan da ba su taɓa aure ba, masu aiki sun tashi daga ƙasa da rabi zuwa kusan biyu bisa uku. Masana ba su jingina wannan ga doka ɗaya ba. Rashin aikin yi ya sauka zuwa kashi 4 cikin 100 a 2000, mafi ƙanƙanta cikin shekara 30, kamfanoni na neman ma'aikata ido rufe. An kuma faɗaɗa, tun 1993, kuɗin da gwamnati ke ƙara wa ma'aikaci mai ƙaramin albashi ta hanyar haraji, mafi ƙarancin albashi ya kai dalar Amurka 5.15 a awa a 1997. Bayan 2000, da kasuwa ta ja baya, wani ɓangare na ci gaban ya zube.

Ayyukan da aka samu yawanci na shago ne, gidan abinci, shara, da kula da tsofaffi: albashi kaɗan, awowi marasa tabbas, yawan shiga da fita. Akwai kuma waɗanda suka bar tallafi ba su samu aiki ba. A 1996, cikin iyalai 100 matalauta masu yara, 68 na karɓar tallafin kuɗi. A 2020 sun koma 21.

Ingila da Faransa

Gwamnatin Tony Blair ta fara nata shirin a 1998, da kuɗin harajin da ta ɗora sau ɗaya kan kamfanonin ruwa, lantarki, tarho da makamantansu da aka sayar wa ƴan kasuwa. Kamfanin da ya ɗauki matashi ɗan shekara 18 zuwa 24 da ya daɗe ba aiki yana karɓar fam 60 a mako har wata shida, da fam 750 na horo.

Faransa ta kafa tallafin RMI a 1988 zamanin Michel Rocard, RSA ya maye gurbinsa a watan Yunin 2009. Hanyarta ita ce kwantiragin aiki mai tallafi. Na kamfanoni masu zaman kansu, CIE, ya fara a 1995. A tsarin 2010 gwamnati na iya biyan har kashi 47 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi, wato SMIC, kwatankwacin SMIG a Nijar. Binciken ma'aikatar kwadagon Faransa ya sha nuna abu biyu: waɗanda suka bi ta kamfani mai zaman kansa sun fi samun aiki mai ɗorewa fiye da waɗanda suka bi ta ƙungiyoyi da ma'aikatun gwamnati, amma da yawa cikinsu dama za a ɗauke su. Faransa na kuma sa sharaɗi a wasu kwangilolin gwamnati cewa ɗan kwangila ya ware awowin aiki ga waɗanda suka daɗe ba aiki. Ranar 1 ga Janairun 2024 France Travail ta maye gurbin Pôle emploi, kuma tun farkon 2025 ana rajistar duk mai karɓar RSA a can, da sharaɗin awa 15 a mako na neman aiki, horo ko koyon sana'a.

Inda Nijar ta bambanta

Duk waɗannan dabaru sun dogara ne kan kamfanoni masu rajista, masu biyan haraji da albashi a rubuce. A Nijar irin waɗannan guraben kaɗan ne, mafi yawansu a Yamai da manyan garuruwa, jama'a kuwa na rayuwa da noma, kiwo da ƙananan sana'o'i. Hukumar ANPE na rajistar masu neman aiki tana kuma tura matasa masu takardun shaida koyon aiki a kamfanoni, amma waɗannan ba su ne masu karɓar tallafin kuɗi ba.

Shirin tallafin iyalai marasa ƙarfi da aka fara a 2011 tare da Bankin Duniya ya riƙa ba da jaka 10 a wata har wata 24, galibi ga mata a karkara. Hanyar fita daga tallafin a nan sana'ar kai ce: ƙungiyoyin adashi, horo kan kasuwanci, mai ba da shawara da ke bibiya, da jarin jaka 80 a dunƙule ga wasu. Binciken da mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa a 2022 ya nuna kuɗin shigar matan daga ƙananan sana'o'i ya ƙaru, cin abincin gidajensu ya inganta. Har waɗanda aka bai wa horo da bibiya ba tare da jarin ba sun ci gaba, kuma kuɗin da aka kashe a kansu ya fi ƙanƙanta.